Sawun Ƙafa Ɗaya a Gindin Tudu

"Ɗauke farantin nan ki wuce gida," in ji Rais Mehrab. "Nan ba wurin mata ba ne."

Na ce, "Ba zan ɗauke ba, Sain. Ina ɗaukewa mutanenka za su tattake abin da ke ƙarƙashinsa, kamar yadda suka tattake sauran." Sain kalmar girmamawa ce a wajenmu, kamar a ce ranka ya daɗe.

Maza sun fi ashirin a bakin garken raƙuma da safiyar nan. Rais ne mai ƙasar tun daga rijiya har bakin kwalta, kuma a ƙauyenmu ba a saba ce masa a'a ba, balle daga bakin 'yar shekara ashirin da ɗaya. Ya juya ya dubi mahaifina, Jumman mai bin sawu, wanda ke tsugune yana kallon ƙasa kamar ba da 'yarsa ake ba.

"Jumman, ba ka ji abin da ta ce ba?"

"Na ji, Sain. A yi haƙuri a bar ta. Jami'a ce ta aiko ta ta koya wa ubanta aiki."

Aka kwashe da dariya, Rais ma ya ɗan saki fuska. Ni ban yi ba. Na sa ƙafa na danne gefen farantin.

Abin da ya tara mu shi ne an wayi gari babu Kajli, baƙar raƙumar Rais. Ɗanta ya mutu wata guda da ya wuce, tun daga nan ta zama abar tsoro, har Rais ya yanke shawarar sayar wa mahautan birni ita. Ranar Asabar za a zo ɗaukarta, sai ga shi ranar Laraba an tarar da dabaibayinta a yanke. Kawu Sawan, yayan mahaifiyata, shi ne makiyayin garken, shi ya fara kururuwa da asuba. Yanzu yana zaune a gefe ya riƙe guntun igiyar, hawaye na bin gemunsa.

Ni kuma hutu na zo. Shekarata ta uku ke nan a jami'a ina karatun ilimin dabbobi. Dole kowane ɗalibi ya haɗa da ƙaramin darasi ɗaya. Ƙawayena suka bi kwamfuta, ni na zaɓi kimiyyar binciken laifi. Mu huɗu ne mata a ajin. Malama Farzana ta ba mu aikin hutu: kowa ya kawo zubin sawu goma, da awonsu da hotonsu. Shi ya sa na iso ƙauye da rula da ƙaramin buhun farin garin nan da ake ɗorin karaya da shi a asibiti, wanda in an dama an zuba a cikin sawu yakan daskare da siffar sawun. Tun ranar matan rijiya suka raɗa mini suna Sufeto Gulnaz. Ba yabo ba ne, amma ina amsawa.

Baba ya matso ya ɗaga farantin da kansa. Sawun takalmi ne na taya, da alamar ƙusoshi uku a dunduniya.

Ba a jira Baba ya buɗe baki ba. "Kewal!" in ji wani daga baya. "Wallahi takalmin Kewal ne!" Nan take kowa ya tuna wani abu da Kewal ya taɓa yi masa.

*

Muka bi sawun, Baba a gaba, ni a bayansa, sauran jama'a can nesa don ya hana su matsowa. Shekara arba'in yana wannan aiki. Babu ƙafar da bai sani ba a ƙauyuka tara, kuma ba a taɓa kama shi da ƙarya ba.

"To, Sufeto, me littafinki ya ce?"

Na durƙusa na auna. "Takalmin ya yi wa mai shi yawa. Nauyinsa yana ƙarewa yatsu biyu kafin bakin takalmin."

"Sai da kika ɗauko sanda mai lamba kafin ki ga wannan?" Ya nuna da haɓa. "Dubi yadda yake jan ƙafa. Mutumin nan faɗa yake da takalminsa. Kuma dubi raƙumar. Ko sau ɗaya ba ta turje ba."

"Kajli ce fa, Baba. Wadda ta ciji dillali."

"Ni ma abin da nake cewa ke nan."

Sawun ya kai mu unguwar su Kewal, gida goma sha biyu na 'yan ƙabilar Bhil, waɗanda ba musulmi ba ne kuma ake ƙasƙantar da su, masu yi wa Rais noman auduga. Ya shiga ta hanyar awaki, kuma awakin sun riga sun fita kiwo sun shafe komai. Rais ya iso a motarsa, bai ko sauko ba.

"Kun san al'ada," ya ce wa dattawansu. "Sawu ya shigo muku. Kwana uku ku fitar da shi ta wancan gefen. In bai fita ba, ku tattara ku bar mini ƙasata. Shi kuma mai takalmin, 'yan sanda na jiransa."

*

Kewal yana zaune a ƙasa bakin bukkarsa, ba takalmi. Dogo ne, ƙafarsa kamar faranti. Matarsa ta ja mayafi ta rufe fuska tana leƙenmu ta ƙofa.

Baba ya ce, "Ina takalminka?"

"Ya ɓata, Sain."

"Kowane ɓarawo haka yake cewa. Yaushe?"

"Ranar Litinin. Na je zauren Rais roƙon iri. Na tuɓe a bakin ƙofa, kamar kullum. Aka ce in ɗauki buhu in fita da shi ta baya. Da na zagayo babu shi."

Na ce, "Ba ka tambaya ba?"

Ya dube ni kamar na yi masa wani yare. "In tambayi wa, 'yar Sain Jumman? In tsaya a ƙofar Rais in ce wa ya sace mini takalmi? Ke da kika yi karatu, ki je ki tambaya mini."

"Ka taɓa jan raƙumi?"

Matarsa ce ta amsa daga ciki. "Wannan? Jakinmu ma sai na riƙe masa. Ranar da Kajli ta yi ƙara a bayansa, sai da ya zubar da buhun auduga ya haye katanga."

"Yi mana shiru, ke!" in ji Kewal. Sannan ya sassauta murya. "A nan aka ƙona gawar kakana bisa al'adarmu, Sain Jumman. In an kore mu, ina za mu?"

Na roƙe shi ya taka yashi in zuba. Ya taka, yana kallon garin da nake damawa a kwano.

"Wannan kunun ne zai cece ni?"

"Ban sani ba," na ce. "Amma shi ba ya tsoron Rais."

*

Da azahar muka je bakin kwalta wurin Dilawar dillali. Shi ne wanda Kajli ta ciza ranar da ya zo yi mata kuɗi, kuma an ji shi yana rantsuwa sai ya ga bayanta. Mun same shi a rumfar mai shayi, kafaɗarsa a naɗe.

"Kai, Jumman! Yanzu har da sakatariya kake yawo?"

"Ina ka kwana jiya?"

"A asibitin gari, ana wanke mini wannan." Ya buɗe tsumman, wari ya bugo. "Je ka tambaya. Kuma in sace ta in kai ta ina? Ranar Asabar za a ba ni ita da rana tsaka. Ni fa ko kusa da ita ba zan ƙara zuwa ba sai an ɗaure mata baki. Shaiɗaniya ce. Tun da ɗanta ya mutu ko ɗigon nono ba ta sakar wa kowa, in ban da tsohon nan naku da ke yi mata waƙa."

Na sunkuya da rula wajen ƙafarsa. Ya janye da sauri.

"Ke, 'yar nan! Mijinki ma ba zai yarda da wannan ba."

"In na same shi zan auna tasa. Miƙo."

Mai shayi ya yi dariya har ya zubar da madara. Ƙafar Dilawar ta fi takalmin Kewal tsawo. Baba ya riga ya juya tun kafin in gama rubutawa.

A hanyar komawa muka biya ta garke. Kawu Sawan na zaune a bakin kwamin shayar da raƙuma, ya tsoma ƙafafunsa a ruwa. Shi ne ya fara ɗora ni a kan raƙumi ina 'yar shekara huɗu. Shi ne kuma ya tsaya mini a gaban dangi lokacin da suka ce mace ba ta zuwa birni karatu.

"Kawu, ba ka ji motsi ba ko kaɗan?"

"Tsufa, 'yar ƙanwata. Barci ya sace ni." Ya dubi turken da babu kowa. "A hannuna aka haife ta. Uwarta ta mutu, da tsumma na riƙa ɗiga mata nono. Shekara goma sha huɗu. Na ce wa Rais ya ba ta wata biyu, baƙin ciki ne ke damunta, zai wuce. Ya ce shi ba ya kiwon mahaukaciya."

"Kana ganin Kewal ne?"

"Mutanen nan sun saba da wahala," ya ce. "Za su samu wani wurin."

Na ɗauka tausayi ne ya sa ya faɗi haka.

*

Rana ta biyu muka fita tun da hantsi. Bayan unguwar su Kewal fako ne mai tauri, ba ya riƙe sawu. Baba ya riƙa zagaye, kowane zagaye ya fi na baya faɗi. Leɓɓana suka tsage, jakar garin da gorar ruwa suka ci mini kafaɗa. Sau biyu ya ce in zauna a inuwa, sau biyu na ce in shi bai zauna ba ni ma ba na zama. Rana ta take tsaka, ta fara karkata. Sai ya tsaya a kan wani ɗan dutse da aka juya cikinsa sama.

"Ga ta."

Daga nan yashi ya dawo, sawun ya fito sarai: raƙuma, da mai takalmi a gefenta. Muka bi shi kudu wajen tafiyar awa biyu, har gindin wani tudu inda hanyar makiyaya masu wucewa ta ratsa. A nan sawun Kajli ya shige cikin na ɗaruruwan raƙuma. An miƙa ta ga masu tafiya.

Amma kafin hanyar, a ƙarƙashin wata bishiya, ta tsaya. Ƙafafunta na baya sun buɗe, sun nutse. Kusa da su yashi ya yi ɓawo a wurare uku, kiyashi sun yi baƙi a kai. Takalman biyu an ajiye su gefe guda, ga shatinsu a jere. A tsakanin wannan da wancan kuwa, sawu ɗaya tak. Ƙafar dama, ba takalmi, ta nutse ninki biyu na sauran. Babu ta hagu a kusa da ita.

Na tsaya ina kallo. A aji an koya mana mu rubuta abin da muka gani kafin abin da muke zato, don haka na fara rubutawa: mutum ya tsaya da ƙafa ɗaya, ya daɗe. Ban kai ƙarshen layin ba hannuna ya tsaya. Duk wanda ya tashi a cikin raƙuma ya san mai tsayawa haka. Mai tatsa ne. Yana tsayawa da ƙafa ɗaya, ya ɗora kwano a kan gwiwar ɗayar. Ɓarawon da ke gudu kafin gari ya waye ya tsaya ya tatse ta, don hantsarta ta cika tana yi mata ciwo. Ya tuɓe takalmin don ba zai iya tsayawa a cikinsa ba. Ita kuma ta sakar masa.

Babban yatsan sawun ya karkace waje, inda raƙumi ya taɓa takawa.

Baba ya zauna a ƙasa. Ban taɓa ganin ya zauna kusa da sawu ba, tsugunawa yake yi.

"Share shi," ya ce.

"Baba?"

"Sa ƙafa ki share. Ni ba zan iya ba."

"Ni ma ba zan share ba."

"Saurara, Gulnaz. Na fitar da sawu daga unguwarsu, ba mai korarsu. Zan ce ya shiga hanyar makiyaya ya ɓata, kuma gaskiya ne."

"Kewal fa? Takalminsa ne har nan."

"Za su riƙe shi 'yan watanni. Za su dake shi. Zai fito."

"In ya fito da ƙafafunsa."

"Yayan uwarki ne!" in ji shi. "Shi ya ba ni ita lokacin da ba ni da ko akuya. Ba don kuɗi ya yi ba, kin sani. Wuƙa ya hana a sa mata."

"Da raƙumar kawai ya ɗauka, Baba, wallahi da hannuna zan share, in bi da tsintsiya. Amma ya tsaya a ƙofar zaure ya zaɓi takalmin wanda ya san ba zai iya buɗe baki ba."

Na kwance jaka. Na ajiye rula a gefen sawun na ɗauki hoto, na kewaye shi da kwali, na dama garin da sauran ruwan shanmu. Na zuba a hankali, don in an zuba da ƙarfi yashi rushewa yake. Baba yana kallona. Ƙafarsa ɗaya ta isa ta ɓata komai, kuma tana kusa. Bai motsa ta ba.

"Wannan kunun naki," ya ce can, "minti nawa yake kafin ya daskare?"

"Talatin."

Muka zauna muka jira. Muka koma gida da ƙishirwa.

*

Inna ta sani tun kafin mu faɗa, fuskar Baba ta gaya mata. Tana gasa gurasar gero, ta sauke kaskon daga wuta.

"Ba ni abin nan," ta ce.

"A'a, Inna."

"Ni na haife ki. Na ce ki ba ni."

"Na ji. Ba zan bayar ba."

"Saboda wani Bhil? Wanda ko kofinmu ba ya sha da shi?"

"Shi ya sa aka zaɓe shi."

Ta matso har ina jin ƙamshin hayaƙi a mayafinta. "Ranar da kawunnanki suka ce a ƙona takardunki, wa ya zauna a bakin ƙofar nan da sanda? Karatun da kike taƙama da shi, wuyansa ya ba ki ki taka kika hau. Yanzu ki dawo ki yanka shi da shi?"

Wannan ta shige ni, har yau tana nan. Na ce, "Inna, ki je ki ce masa ya faɗa da bakinsa kafin gobe. In ya faɗa, ba mai ganin abin da ke jakata."

Ta je. Ta dawo bayan isha'i, ba ta dube ni ba. Na gane amsar. Na ɗaura jakar a jikina, da ita na yi salla.

*

Ranar Juma'a bayan an sauko, aka share fili a gaban zauren Rais, aka baza yashi mai laushi aka daidaita shi da katako. Haka ake yi tun kakanni: waɗanda ake zargi su taka, mai bin sawu ya duba ya faɗi. Maganarsa ita ce hukunci. Rais na kan gadon igiya, ɗan sanda ɗaya na gefensa yana shan shayi. Mutanen unguwar Kewal na tsugune can baya, takalmansu a hannu. Mata na leƙe ta saman katanga. Ni kaɗai ce mace a cikin filin.

Baba ya yi bayani cewa sawu ya fita daga unguwar, ya kai hanyar makiyaya. Dattawan Bhil suka sauke numfashi.

"Madalla," in ji Rais. "Su zauna. Saura mai takalmi. Kewal, taka."

Kewal ya taka. Dilawar ma ya taka yana gunaguni. Ɗan sandan ya ajiye kofi ya fara laluben ankwa.

Na ce, "Sain, saura. Duk wanda ke shiga garken nan ya zo ya tsaya da ƙafa ɗaya."

Dariya ta ɓarke. "Rawa za mu yi mata?" in ji wani. "Sufeto ta sha rana!"

"Jumman," in ji Rais, "ɗauke 'yarka kafin raina ya ɓaci."

"Ba inda za ni," na ce. Na buɗe jaka na fito da zubin, fari fat, na ɗaga shi yadda na bayan katanga ma za su gani. "Wannan daga gindin tudun kudu na zubo shi, inda aka tatsi Kajli kafin a miƙa ta. Ga hotonsa da awonsa. Wanda ya sace ta ya tuɓe takalmi ya tatse ta, ta kuma sakar masa. Dilawar, faɗa musu, wa Kajli ke sakar wa nono?"

Dariyar ta mutu. Kawuna suka fara juyawa wajen da Kawu Sawan yake zaune, ya lulluɓe ƙafafunsa da mayafinsa na ajrak.

Rais ya ce, "Mu a nan ba ma yanke hukunci da dunƙulen alli. Mai bin sawu muke ji. Jumman, ƙafar wa ce?"

Baba ya karɓi zubin. Ya juya shi, ya shafa babban yatsan da ɗan yatsansa. Ya daɗe har wani ya yi gyaran murya.

Na ce, "Baba, in idonka ya gaji, ka faɗa musu ya gaji. Amma kada ka ce ba ka sani ba."

Bai dube ni ba. Ya ce, "Sawan, taso ka taka."

Kawu ya tashi. Da ya yaye ajrak ɗin kowa ya ga abin da yake jiƙawa a kwami: bayan dunduniyarsa da saman yatsunsa duk sun saɓule. Mutumin da bai taɓa sa takalmi ba tun haihuwarsa ya yi tafiyar awa uku a cikin na taya. Bai tsaya gardama ba. Ya shiga tsakiyar yashin, ya ɗaga ƙafar hagu ya kafa ta a gwiwar dama, ya tsaya cak ko rawa ba ya yi, da shekarunsa sittin da biyar.

"Ga shi, 'yar ƙanwata," ya ce. "Auna."

Na durƙusa na auna. Na faɗi lambar da ƙarfi, daidai take da ta zubin.

Rais ya miƙe tsaye. "Shekara talatin kana cin gurasata! Ina raƙumata?"

"Inda wuƙarka ba ta kaiwa, Sain."

"Za ka faɗa a ofishin 'yan sanda."

"Ko a can ba zan faɗa ba."

Kewal ne ya yi magana daga inda yake, a hankali, shi da ban taɓa jin muryarsa a gaban zauren nan ba. "Sain Sawan, ni me na yi maka?"

Kawu ya dube shi, ya sunkuyar da kai.

*

Kwana goma sha ɗaya ya yi a hannunsu, bai faɗi inda Kajli take ba, kuma ba a same ta ba. Da suka sako shi Rais ya ce kada ya sake kwana a ƙasarsa. Ya bi hanyar kudu da sandarsa da kwanonsa. Bai yi sallama da mu ba.

Rais bai yafe mana ba, don a gaban manomansa mace ta mayar masa da hukunci. Yanzu in an yi sata, daga wani ƙauye ake ɗauko mai bin sawu. Baba yana zama a ƙofar gida yana kallon ƙafafun masu wucewa. Ranar da zan koma makaranta ya raka ni bakin kwalta, ya ɗauki jakata, bai ce na yi daidai ba, bai ce na yi kuskure ba. Kewal yana nan a unguwarsu yana noman audugar Rais. In mun haɗu yakan kauce mini hanya kamar yadda yake kauce wa kowa, kuma ban taɓa jiran godiyarsa ba.

Malama Farzana ta ba ni maki mafi girma a ajin. Ta tambaye ni ko za a ajiye zubin a ɗakin gwaji don 'yan baya su gani, na ce a'a.

Ana tambayata ko na yi nadama. Ban yi ba. In an mayar da ni gindin tudun nan, zan sake dama garin. Amma kada wani ya ce mini abin bai ci komai ba. Ya ci aikin mahaifina na shekara arba'in. Ya ci mini kawun da ya fi kowa sona, ban san ko yana raye ba. Inna kuwa tana zuba mini abinci in na zo hutu, tana wanke mini kaya, tana yi mini addu'a in zan tafi. Shekara biyu ke nan ba ta kira sunana ba.